Gurbin Inna a Kan Falale

Har yau ba na iya jin ƙarar tifa ta sauka daga kwalta ta nufo ƙauyenmu in ci gaba da abin da nake yi. Ko tuwo nake tuƙawa sai na aje muciya na leƙa. Jikokina suna yi mini dariya, wai na mai da kaina mai gadin dutse ba wanda ya ɗauke ni aiki. Su yi ta yi. Ba su san abin da na jawo da bakina ba.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta nufi Zurmi. Bayan gari akwai dutse, ba wani mai tsawo can ba, amma a gindinsa ta wajen gari ya shimfiɗe ya yi faɗi kamar an daɓe shi, ya fi filin idinmu girma. Shi muke kira Falale. Baƙi-baƙi ne mai ɗigo-ɗigo, da wata farar jijiya da ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya. A jikinsa akwai gurabun niƙa, ramuka masu santsi da hannun mata ya ci a hankali, ba guduma ba kurfi. Kowane gida da nasa. Uwa ke bar wa ɗiyarta, idan ɗiyar ta yi aure nesa sai ya koma hannun matar ɗa. Na Innata yana can bakin gabas, na ƙarshe kafin dutsen ya fara hawa. A gabansa akwai 'yan lotsawa biyu inda gwiwa take zama. Inna ta ce gwiwar kakarta ce ta fara su. Da na girma na durƙusa, gwiwoyina suka shige daidai kamar an auna.

Tun kafin a haifi ɗana na fari injin niƙa ya zo, aka daina niƙa a Falale. Amma shanya ba ta tsaya ba. Gero, dawa, kuɓewa, barkono, kalwa, duk a nan muke bazawa, kowace mace a kewayen gurbinta. Kuma akwai abin da kowa ya sani ba sai an gaya masa ba: ba a taka shanya. Ko maigari ne ya zo wucewa sai ya kewaya. Namiji da takalmi a ƙafa ya tsallaka hatsin da aka baza, ba a taɓa yi ba.

Shekarar da aka ba mu jiha ina takaba. Mijina ya rasu ya bar ni da baki shida da gona ɗaya. Ina fita takaba na tarar duniya ta koma gini. Gusau gini, Ƙaura gini, ana ta maganar hanyoyi, kowa tsakuwa yake nema. Sai na ɗauki gudumar mijina na zagaya bayan dutse inda manyan duwatsu suka faɗo suka warwatsu. In hura wuta a kan dutse har ya yi zafi, in kwara masa ruwa ya tsage, in zauna in farfasa. Maza suka yi ta surutu, na ce duk wanda abin ya dama ya aiko wa marayu da tuwo. Ba wanda ya aiko.

Wata rana na bi tifa zuwa Ƙaura, na tarar da wani ɗan kwangila mai babbar riga yana raina tsakuwar wasu mutane, wai tana da gari, tana murmushewa. Wa ya tambaye ni? Ba kowa. Na kwance bakin zanena na zube masa tamu a gabansa.

Na ce, “Alhaji, in dutse kaka nema ka zo garinmu. Wanga ko jirgin ƙasa ya bi ta kai ba ya murmushewa.”

Ya ɗauki guda ya jujjuya, ya tambayi sunan garin. Na gaya masa, har da kwatance, har da inda ake sauka daga kwalta. Na dawo gida ina jin kaina kamar wata babba.

A wannan tsakanin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci. Na haura arba'in a lokacin. Abin da ya kai ni, na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san abin da ke cikinta ba. Muna zama a ajin firamare bayan la'asar, kan bencin da gwiwata ba ta shiga ƙarƙashinsa. Fensir ya fi guduma ba ni wuya. Na karya ya fi a ƙirga.

Ina cikin koyon haɗa baƙi wani baƙo ya sauka gidan maigari, malamin jami'a, siriri, da 'yar guduma rataye a ƙugu da gilashin duba abu. Aka ce yana son wanda ya san dutsen, aka turo shi wurina. Kwana uku ina gaba yana baya. Da na ga ya kwanta rub da ciki a kan farar jijiyar nan yana leƙe, na ce masa, “Malam, in zinari na ka faɗi gaskiya, mu raba.”

Ya yi dariya har gilashin ya faɗi. Ya ce abin da ke nan ya fi zinari wuyar samu. Ya ce dutsen nan da can narkakke ne, can cikin ƙasa, kamar kunu a tukunya, ya huce a hankali, shi ya sa ya yi ɗigo-ɗigo. Bayan ya daskare ya tsage, wani ruwan dutsen ya biyo tsagar ya cika ta, shi ne farar jijiyar. Ya ce a wurare da yawa sai an yi haƙa ake ganin haka, mu kuwa ga shi a shimfiɗe muna shanya kuɓewa a kai. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa. Na ce, “To, Allah da ikonSa.” Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan.

Daga nan muka zo kan gurabun niƙa. Ya tsuguna ya shafa na Inna da tafin hannu. Ya ce, “Wannan kuma aikinku ne a kan aikin Allah. In aka fasa shi ba mai iya sake yi. Ku riƙe shi da kyau.” Na ce wa zai fasa? Na manta da abin da bakina ya faɗa wa ɗan kwangila a Ƙaura.

Bayan damina sai ga ɗan kwangila da motoci, da injin huda dutse, da wani mutum mai kula da nakiya. Maigari ya ba su bayan dutse. Da farko murna muka yi, samari sun samu aiki, mata suna sai da fura. Sai aka fara tashin nakiya. Ƙasa ta girgiza, kwanuka su zubo daga jere, kaji su daina ƙwai. Remaye, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo da ke cikin kogunan dutsen, suka watse, ban sake ganin ko ɗaya ba. Cikin shekara biyu suka cinye bayan dutse suka zagayo gabas. Wata safiya na hau da ƙwaryar barkono na tarar da jan fenti a kan Falale, gicciye-gicciye, ɗaya a kusa da gurbin Inna har fentin ya ɗiga ciki.

Ban koma gida ba. Da ƙwaryar a kaina na wuce ƙofar maigari. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, gari ya ɗauki sabon kintsi, kowa yana auna maganarsa. Na ja mayafina na tsaya bakin zaure. Ɗan kwangila na ciki.

Na ce, “Ranka shi daɗe, wa ya ba da Falale?”

Maigari ya yi gyaran murya. Ɗan kwangila ne ya amsa. Ya ce ai alheri ne ga garin. Ya ce mata suna taruwa a fili a gaban leburori, bai dace da zamanin da aka shiga ba. Ya ce kuma ya ji labari ana zuba wa iskoki gumba a wata tsaga a wurin, gara a kawar da abin baki ɗaya.

Na ce, “Alhaji, gumba kakata ta zuba, ban musa ba, ta kuma tuba kahin ta rasu. Leburori kuwa mu munka iske su ko su sunka iske mu? Shekara biyu kana hwasa dutse ba ka tuna da iskoki ba sai da na baya ya ƙare?”

Wani dattijo ya ce in sassauta murya. Na ce da ita aka haife ni. Maigari ya ce magana ta riga ta wuce, an sa hannu. Ɗan kwangila ya dube ni da kyau, ya yi murmushi. Ya ce, “Ashe ke ce. Ba ke kika kira ni ba?”

Wannan maganar ta bi ni har gida. Na kasa zama. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki tsintsiya in aje. Na tuna malamin jami'a ya ce akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, kula da irin waɗannan wurare, amma sai an rubuta musu. Na yago takarda daga littafin makaranta. Kwana huɗu na yi ina rubuta wasiƙa guda. Malamarmu ta ce in kawo ta gyara mini, na ce ta duba dai, kada ta sa hannu. Na faɗi jijiyar, na faɗi gurabun, na jera gidajen da ke da su ɗaya bayan ɗaya. Na yi kwafi biyu, ɗaya na soke a lalitata. Na kai ɗayar Ƙaura, aka ce Gusau. Na je Gusau, wannan ƙofa ta tura ni waccan, har wani ya karɓa ya buga hatimi ya ce in je za a neme ni. Na dawo na zauna jiran nema, injin huda dutse kuwa yana ta matsowa.

Aminiyata mai daddawa, wadda muka tashi tare tun muna tallan gyaɗa, ita ta kawo dabarar ba da niyya ba. Muna tsaye a kan Falale tana kwashe kalwarta, sai ga mai nakiya ya taho da igiyar awo. Mutumin Katuru ne, ƙaƙƙarfa, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya zo daidai shanyar kalwa ya tsaya cak, ya ɗage ƙafa, ya kewaya ta nesa.

Aminiyata ta ce, “Ji shi, mai tada dutse, kalwa ta kore shi.”

Na riƙe hannunta. Na ce, “Ƙawa, maida kalwag ga inda take.”

Kafin azahar na zaga gidaje duka. Washegari da hantsi Falale ya rufe ruf. Gero, dawa, maiwa, wake, barkono ja wur, kuɓewa, kuka, har da wadda ta kawo ɓawon gyaɗa don ba ta da komai. Ba wurin da mutum zai sa ƙafa. Muka zauna a gefe da mayafanmu, kowace da sandar korar awaki.

Mai nakiya ya zo da mutanensa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Uwar dutse, wanga aikinki na.”

Na ce, “Shanya muka yi. An hana?”

“Yaushe za ku kwashe?”

“In ta bushe.”

Ɗan kwangila ya zo yana faɗa, ya ce a share. Leburori suka dubi juna. Duk 'ya'yan manoma ne, daga Ɗan Isa, daga Sakajiki, daga ƙauyukan Shinkafi. Ba wanda ya ɗaga shebur. Mai nakiya ya ce, “Alhaji, ni dutse anka ɗauke ni in hwasa. Ban tada wuta ƙarƙashin abinci.”

Haka muka yi sati uku. Da safe mu baza, da almuru bayan sun tashi aiki mu kwashe. Ban taɓa zama wuri ɗaya ba a kwanakin nan. In bi gidan da suka fara gajiya in yi lallashi, in lallashi bai yi ba in yi masifa. Wata ta ce mijinta ya hana, na je na sami mijin a bakin masallaci. Wata ta ce kaji sun cinye mata rabin gero, na ɗebo nawa na cika mata.

Sai mai nakiya ya fito da tasa dabarar. Kullum da safe ya zo ya tsuguna a bakin shanya, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori. Ƙas!

Ya ce, “Uwar dutse, ki ji tsoron Allah. Dawag ga ta bushe tun bara. Kin ce in ta bushe za ku kwashe. Ko ƙarya kika yi?”

Wannan ta soke ni. An zage ni da abubuwa da yawa a garin nan, masifa, taurin kai, rashin kunya, amma ba a taɓa ce mini maƙaryaciya ba. Na ce a raina, to, ba zan yi ƙarya ba. Na koma gida na juye dawata a babbar randa na kwara mata ruwa. Da safe na tsame na kai Falale tana ɗiga. Na baza ta da kauri a kewayen gurbin Inna, daidai bakin gabas inda injinsu yake jira. Mai nakiya ya sa a haƙori, ya ji laushi, ya girgiza kai ya tafi yana dariya. Da yamma in kwashe a buhu, in yayyafa ruwa, in rufe. Da safe in mayar.

Rana ta huɗu na buɗe buhu na ga dawa ta fito da fararen wutsiyoyi. Ta tsira. Na ce oho, tsiro ma ai ɗanye ne, na kai na baza. Aminiyata ta zo ta tsaya a kaina ta riƙe haɓa.

Ta ce, “Ke! Tsiron dawa? A hili? Bana?”

Na ce, “Mi ya samu bana?”

Ta ce, “Da mi aka yin burkutu, don Allah?”

Wallahi ban tuna ba. Rabon garinmu da mai dafa giya tun ina yarinya, da aka ce wasu can bayan tsauni suna yi. Ni dutse kawai ke cikin kaina. Na ce bari in kwashe, sai na ga in na kwashe wurin zai zama fili. Na ce a bar shi zuwa yamma. Kafin azahar sai ga 'yan agaji masu sa ido sun sauko daga mota. Wani ya kai labari cewa matan garinmu sun fake da shanya suna haɗa kayan giya. Ban ga wanda ya kai ba, ba zan kuma ɗora wa kowa ba.

Ba su wulaƙanta ni ba. Babbansu ya yi sallama, ya tambayi mai dawar, na ce ni ce. Suka tattara ta tsaf da hannu, ba su taka ko ƙwaya ba, suka zuba a buhu don shaida. Ina shiga mota na waiwaya. Falale duk a rufe, ja da fari da kore, sai wuri ɗaya baƙi, tsirara, a bakin gabas.

Aka kai ni gaban alƙali washegari, bayan na kwana gidan wani ɗan'uwan mijina da ya tsaya mini. Aminiyata ta aiko mini da saƙo cewa in ce kunun zaƙi zan yi, ai da tsiro ake sa masa zaƙi, kowa ya sani. Gaskiya ne, da na faɗi haka da an sallame ni nan take.

Alƙalin tsoho ne mai ƙaramar murya. Ya sa aka buɗe buhun, ya duba, ya ce, “Baiwar Allah, giya ko kunu?”

Na ce, “Allah shi gafarta Malam, ba ko ɗaya. Dutse nika tsaro.”

Aka yi dariya a kotu. Ya ɗaga hannu. Ya ce in yi bayani. Na ce ina da shi a rubuce. Na ciro wasiƙar daga lalita, duk ta yamutse ta sha zufa. Magatakarda ya miƙo hannu, na ce ni na rubuta, ni zan karanta. Na karanta da yatsa a kan layi, ina tuntuɓe, ina komawa baya. Ba wanda ya katse ni. Da na zo kan jerin gidaje da gurabunsu, wannan ta gada daga uwarta, wannan daga uwar mijinta, sai alƙali ya ce in dakata.

Ya ce, “Gado kika ce?”

Na ce, “Gado. Nawa daga Innata, ita daga tata uwar.”

“Da anka ba da wurin, an tambayi masu gadon?”

“Ko sallama ba a yi muna ba.”

Ya ja carbinsa. Sannan ya fara da ni. Ya ce babu maganar giya, wannan ta faɗi. Amma na ɗauki abincin marayu na jiƙa shi na lalata don in ci gardama, ni da na kafa hujja da darajar abinci. Ya ce in ji kunya. Na ji kuwa, har ƙasan ƙafata. Sannan ya ce a rubuta sammaci ga maigari da ɗan kwangila, kuma kada a sake taɓa wurin da ke da gurabun nan sai an zauna da masu su, mace ko namiji.

Ban jira mota ta cika ba. Na hau bayan a-kori-kura da buhunan albasa. Ina sauka a bakin kwalta na ji warin nakiya. Na cire takalmi na riƙe a hannu na sheƙa da gudu, mace mai jikoki.

Abin da ya faru, da aka tafi da ni tsoro ya kama mata, rabi suka kwashe shanyarsu. Aminiyata da tsofaffi suka tattaru a tsakiya suka riƙe nan. Bakin gabas kuwa ba kowa, ba komai. Suka huda shi da yamma, suka tashe shi da safe, ina can ina karanta wasiƙa. Ba babbar nakiya suka sa ba, 'yar kaɗan ce. Ta ɗauke gurbi uku. Na Inna na ciki.

Na tarar da mai nakiya zaune a kan ɓaraguzan dutse, hularsa a gwiwa. Na tsaya a gabansa, na rasa zagin da zan fara da shi. Ni da ba a taɓa raba ni da magana ba.

Ya ce, “Ba abinci a wurin, uwar dutse. Na duba. Ko ƙwaya guda da na gani da ban yi ba.”

Na san gaskiya ya faɗa. 'Yan agaji sun tsince ta tsaf.

Ya tashi ya kai ni wani gefe. Ashe ya ware wani ɓangaren dutse ya jingine shi daban, bai bari an loda a tifa ba. Rabin gurbin ne, da lotsawar gwiwa guda ɗaya. Ɗayar ta tafi, tana ƙarƙashin wata kwalta ko cikin ginin wani ofis. Ya ce zai sa a kai mini gida. Na ce kada wanda ya taɓa. Da ni da aminiyata muka mirgina shi, muna hutawa, muka mai da shi bakin Falale daidai inda ya fi kusa da mazauninsa.

An yi zaman da alƙali ya ce. Mata talatin da wani abu muka cika ƙofar maigari, aka tambaye mu ɗaya ɗaya, ba wadda ta yarda ta sayar. Ɗan kwangila ya kwashe injinsa ya koma wani dutsen can wajen Zurmi. Na ji tausayin mutanen can, na aika musu da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwar Shinkafi cewa su duba ko suna da abin shanya. Ban san ko ya isa ba.

Daga Gusau har yau ba a neme ni ba. Na sake rubutawa sau biyu, rubutuna ma ya fi na da kyau. Da na ga shiru na sayi farin fenti na bi gurabun ɗaya ɗaya na rubuta sunan gidan da ke da shi, kowace damina ta wanke in sake. Malaman firamare sukan kawo 'yan aji su ga jijiyar, su sa ni in yi bayani. Nakan gaya musu yadda dutsen ya huce kamar kunu, yadda malamin nan ya gaya mini. Wani sabon malami ya taɓa cewa ba haka ake faɗa a littafi ba. Na ce ya kawo littafin, yanzu ina iya dubawa. Bai kawo ba.

Idan suka tambayi rabin gurbin da ke jingine a gefe, ba na ɓoyewa. Nakan ce nawa ne, ni na kira mai fasawa, ni kuma na buɗe masa wurin.

Takardar alƙali ba ta ce har abada ba, ta ce sai an zauna da masu su. Masu su kuwa muna ta ƙarewa. Aminiyata ta rasu. 'Yan matan yanzu a kan leda suke shanya a tsakar gida, wasu ba su san wanne ne gurbin gidansu ba sai sun karanta fentina. Ranar da wani mai babbar riga zai zo ya zauna da su, ban san abin da za su ce ba.

Shi ya sa kowace safiya nake hawa da ƙwarya, ko da barkono ne cikin tafin hannu, in baza a bakin gabas. Wani lokaci nakan durƙusa a gaban rabin gurbin. Gwiwar dama ta shige wurinta. Ta hagu kuwa tsakuwa ce ke sukarta, ba na daɗewa nake tashi.